Kafin Idon Dama Ya Rufe

Providencia, 9 ga Oktoba, 1978

Zuwa ga ƙanwata Nohora,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Clímaco da yara, da aikin asibitin nan naki da ba ya ƙarewa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da idon da kika sani. Na hagu yana nan a mace yadda kika bar shi. Na dama yana aiki, sai dai kamar mai leƙe ta bututu.

Ki duba hatimin gidan waya da kyau kafin ki ce kuskure aka yi. Ba daga ƙauyenmu Cepitá wasiƙar nan ta fito ba. Ina tsibirin Providencia, ni kaɗai, kuma ba sato ni aka yi ba. Mota na hau zuwa Bucaramanga, jirgin sama zuwa tsibirin San Andrés, daga nan jirgin ruwan wani Kyaftin Ulric, inda na yi amai har sai da na ɗanɗana naman akuyar da muka ci ran bikinki.

Ban manta ba, don haka kada ki tuna mini. Litinin, ashirin ga Nuwamba, likitan nan da zai zo daga ƙasar waje zai yi mini aiki. Na san zirga-zirgar da kika sha kafin ki samo mini wuri. Amma likitan asibitinku ya ɗauka mai ciwon ido kurma ce, shi ya sa ya tsaya a bakin ƙofa yana zayyana miki komai ina zaune. In ba a yi aikin ba, idon ba zai kai bikin Ista ba. In an yi ya yi kyau, ɗan abin da ya rage zai tsaya. In an yi bai yi kyau ba, daga gadon zan tashi cikin duhu. Duka ukun na ji.

To, Auta, ke kin bar kwazazzabo tun kina 'yar sha bakwai, kin ga duniya. Ni shekara sittin da ɗaya ina ƙasansa ina naɗa taba, ban taɓa ganin faɗuwar rana ba. A wurinmu ai ba ta faɗuwa. Dutse ne ke tare ta tun tana da ƙarfinta, kamar an kifa murfi a kan tukunya. Kin tuna mai alfadaran nan da ke zuwa ɗaukar ganyen taba? Ina za ki tuna, kina goye. Ya gaya wa Baba cewa a bakin teku rana takan sauko har ta taɓa ruwa, mutum ya kalle ta ido da ido ba ta ƙone shi ba. Baba ya ce masa maƙaryaci. Ni kuwa maganar ba ta fita daga kaina ba. Gani ya kori ji, na zo in gani tun ina da abin ganin.

Za ki ce me ya hana Cartagena da ta fi kusa, ita ma a bakin teku take. Dangin Clímaco sun cika Cartagena, kafin in ajiye jaka kun aiko an kamo ni.

Awakin na ba wa maƙwabciyata Briceida, kyauta ba aro ba. Teburin naɗa taba da wuƙaƙen na ba wa 'yarta. In na ga abin da na zo gani, shi ke nan, ba ni da sauran buri.

Na sauka a gidan wata Mis Orlina, mijinta ya daɗe da rasuwa. Nan kowace mace Mis ce, ko tana da jika goma. Gidan katako ne a kan ƙafafu, a gefen yamma, bayan itatuwan kwakwa, tafiya kaɗan zuwa bakin ruwa. Ran farko na ga rana ta yi ƙasa, na ce bari in yi wanka in sha kofi tukuna, tunda a gida ko ta ɓace haske yakan daɗe. Kafin in sa takalmi duhu ya rufa. Tun daga nan ina zuwa da wuri, sai in tarar da gajimare. Ba komai, akwai lokaci.

Ki gaida yara. Kada ki turo kowa.

Yayarki,
Edelmira


Bogotá, 16 ga Oktoba

Yaya Edelmira,

Muna lafiya, ko in ce muna lafiya har wasiƙarki ta iso. Clímaco na gaishe ki, yara ma haka.

Budurwa Maryamu! Yaya, kanki ɗaya kuwa? Mace mai ido ɗaya, shi ma rabi, ki hau jirgi biyu ki tsallaka teku ba ki gaya wa kowa ba? Da kin faɗa ruwa wurin sauka, wa zai kawo mana labari? A tsaye na karanta a ɗakin ma'aikata, sai da wata ta jawo mini kujera.

Kin san yawan masu jiran likitan nan? Mako guda kawai zai yi ya koma. Na bi shugaban sashen ido kamar jela, na karɓi aikin wasu a kan nawa, kafin aka sa sunanki. In kika rasa Litinin ɗin nan, babu wata a bana, baɗi kuma babu idon da za a yi wa aiki.

Amma ba ma wannan ne ya hana ni barci ba. Me kike nufi da rabar da awaki? Ke da ko Inna ba ki yarda ta tatsi akuyarki ba? Ga tebur, ga wuƙaƙe. Sannan ki ce in kin gani ba ki da sauran buri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha jin irin wannan magana a bakin marasa lafiya, na kuma san abin da ke biyo bayanta. Ba ki iya ruwa ba, kin je kin tare a bakin teku. Ki gaya mini tsakaninki da Allah: shiga ruwan nan kike shirin yi?

Ki ba ni amsa a jirgin farko. Kina ɗiga maganin safe da yamma? Kada ki bar kwalbar a rana. Ki juyo gida yanzu. Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.

Ƙanwarki,
Nohora


Providencia, 23 ga Oktoba

Auta,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata lau, ina cin abinci, ina ɗiga magani, kwalbar tana inuwa. Karin maganarki ma ta iso. Jin dai na ƙi, ganin kuma har yanzu ban samu ba.

Batun shiga ruwa, sai da Mis Orlina ta leƙo ta ga me nake yi wa dariya ni kaɗai. In mutuwa nake so, ga kogin Chicamocha a bayan gida kyauta, sai in biya kuɗin jirgi biyu? Awaki kuwa, ki yi tunani da kan nan da aka kai makaranta. Ko aikin ya yi ko bai yi ba, mace mai bandeji a fuska ba ta bin akuya a kan dutse. Ki kwantar da hankalinki.

Tunda na zo, na ce bari in ga gari. Akwai ɗan tsibiri a gefe, Santa Catalina, ana tsallakawa ta gadar katako mai rawa a kan ruwa. Suka ce lallai in je in ga wani dutse mai kama da kan ɗan fashin teku. Na je, na matsa, na ja baya, na karkata kai. Dutse ne. Mu da aka haifa cikin duwatsu za a nuna wa dutse! Akwai kuma tsohuwar igwa da tsatsa ta cinye, akuyar wani tana kwance a inuwarta. Akuyar ta fi burge ni, duk da ramammiya ce. Ran Asabar wasu sun yi tseren dawaki a kan yashi, doki biyu kacal, ba sirdi, ana ta ihu kamar an ci yaƙi. Ni ban ga tsere ba. In na kama doki da ido, kafin in juya kai ya wuce, sai yashi a baki.

Ruwan kala-kala ne, kore a baki, shuɗi a can ciki. Yana da kyau, ba na musu.

Abincinsu kifi ne da rogo da ayaba a cikin madarar kwakwa. Maƙwabta na sa wutsiyar alade da katantanwar teku, Mis Orlina ba ta sawa, don ita 'yar cocin Asabar ce. Addininsu ya hana cin su. Maƙwabciyarta takan leƙa tukunyar ta ce, "Orlina, wa ke kwance ba lafiya a gidan nan?" Ita kuma ta ce, "Ke za ki kwanta, ni in zo dubiya."

'Yan Asabar ɗin nan su kaɗai ke kallon rana ban da ni, amma su agogo suka ɗauke ta. Ran Juma'a da yamma kowa ya yi wanka ya sa fararen kaya, a fito bakin ruwa. Da ta faɗi an ajiye aiki ke nan, sai ta sake faɗuwa ran Asabar. Ba hura wuta, ba ciniki, ba fita da kwalekwale. Kyaftin Ulric dattijon cocinsu ne, kuma jirginsa kaɗai ke aiki yanzu, ɗaya jirgin yana wurin gyara. Talata da Juma'a yake tashi daga nan, da asuba, don ya ɗaure a San Andrés kafin rana ta faɗi. Ran Asabar ko shugaban ƙasa ne ya zo da kansa ba zai kwance igiya ba.

Yanzu abin da ya kawo ni. Kullum da yamma ina zuwa in zauna a kan wani kwalekwale da aka kife. Sama takan yi tas, rana ta sauko ta yi ja. In ya rage kamar tafin hannu tsakaninta da ruwa, sai ta shige bayan wani gajimare da ke kwance can ƙasa, baƙi, dogo, daga wannan gefe zuwa wancan. Dutse na gudo wa, na tarar da wani yana jirana.

Na yi wa Mis Orlina ƙorafi. Ta ce, "Baiwar Allah, wa ya aike ki ki zo a Oktoba? Damina ce fa!"

Na ce, "A wurinmu inda ake zafi ba a ruwa. Na ji an ce nan akwai zafi."

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta kira maƙwabciyar ta maimaita mata da yarensu, suka sake kwashewa. Sannan ta ce, "Ki dawo a Fabrairu, kullum sai kin gani har ki gaji."

Na ce mata idona ba shi da Fabrairu. Ta daina dariya, ta ƙara mini kifi.

Ina nan ina jira. Ki gaida Clímaco.

Edelmira


Bogotá, 31 ga Oktoba

Yaya,

Muna lafiya. Na gode wa Allah da ba abin da na zata ba ne, ko da yake ba sai kin yi mini dariya a gidan mutane ba.

Shafi huɗu kika cika! Na sauko daga aiki ƙafa a kumbure, na tsallake dutse, na tsallake miya, na tsallake coci, ina neman layi ɗaya: ranar da za ki taho. Babu. Ni ba labarin yawo na tambaye ki ba.

Abu ɗaya idona ya faɗa a kai, inda kika ce in kin kama doki kafin ki juya ya wuce. A watan Agusta da na zo gida kina ganin mutum biyu a tsaye tare. Idon yana rufewa, Yaya, ba ya jiran gajimarenki.

Ki rubuto ranar tahowa, ko da ita kaɗai ce a takardar.

Nohora


Bogotá, 10 ga Nuwamba

Yaya Edelmira,

Ina fata wannan ta same ki da rai da lafiya. Mu lafiya, sai dai hankalina ba ya jikina. Rabona da hannunki tun wasiƙar dawakan nan. Rediyo ya ce an yi guguwa a wajenku. Na je in buga wayar tangaraho, suka ce na'urar Providencia ba ta amsawa. Clímaco ya ce shiru ba mutuwa ba ne, na ce shi ma ya yi mini shirun.

Shekaranjiya na hau saman asibiti inda ake shanya zannuwan gado. Rana tana faɗuwa can bayan gari. Ban san me ya same ni ba, na naɗe takardar da ke hannuna, na rufe idon hagu, na leƙa ta ciki. Yaya, haka kike gani? Ina ɗaga ƙafa na ci karo da bokiti. Na zauna a wurin na yi ta kuka, har mai wanki ta zo tana tambayata wa ya mutu.

Tun ina budurwa nake garin nan, rana na faɗuwa kullum a bayan tagata, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ke kika zauna a ƙasan kwazazzabo kina naɗa taba har yatsunki suka rine, don ni in fito. Ba ki taɓa roƙona komai ba. Wannan ma ba ki roƙa ba, tafiyarki kawai kika yi.

To na janye maganata. Kada ki taho yanzu. Ki zauna har Juma'a, sha bakwai ga wata, ki yi yammacinki na ƙarshe, ko Allah zai yaye gajimaren. Asabar da safe ki hau jirgin ruwa. Asabar ranar kasuwa ce, ko a ƙauyenmu da ba hanyar kirki ba a rasa abin hawa. Na saya miki tikitin jirgin sama na Lahadi, yana ofishinsu a San Andrés da sunanki. Zan tarbe ki a filin jirgi, Litinin mu shiga asibiti. Na auna komai, ya yi daidai.

Ki kalla mini ni ma.

Autarki,
Nohora


Providencia, 13 ga Nuwamba

Auta,

Ina gaisuwa. Ina raye. Wasiƙarki ta ƙarshen Oktoba jiya ta iso, a jiƙe, don jirgin ya daɗe a maƙale a San Andrés saboda guguwa. Iska ta ɗauke rufin kicin ɗin Mis Orlina ta ajiye a gonar maƙwabciya. Har yanzu suna gardamar na wa ne.

Kin nemi layi ɗaya, ga shi: zan hau jirgin Juma'a da asuba, sha bakwai ga wata.

Ban gani ba. Tun da aka fara ruwan, ko inda ranar take ba a sani. Jiya sama ta ɗan buɗe, na je na zauna a kan kwalekwalen. Gajimaren yana nan inda na bar shi, kamar an ɗauke shi aikin gadi.

Gaskiyarki game da idon. Yanzu in na ga cokali ba na ganin kwano. Ran Laraba na rasa matakala ɗaya na gangaro har ƙasa, gwiwata ta kumbura. Mis Orlina ta ɗaure mini da ganye, tana ta faɗa kamar ke. Wasiƙarki ma kalma-kalma na bi ta da yatsa. In kin ga rubutun nan yana hawa yana gangarowa ki yi haƙuri, ba na ganin farkon layi in na kai ƙarshensa.

Ba fushi nake yi ba. Na ga teku, na ga dutse mai kan ɓarawo, na ci kifi har ya gundure ni. Raina dai ya ɓaci, wannan ba zan ɓoye ba. Na so in je kabarin Baba in ce masa mai alfadaran nan ba ƙarya ya yi ba. A bar shi da gaskiyarsa.

Ki gaya wa likitanki ya wasa wuƙarsa.

Edelmira


Bogotá, 21 ga Nuwamba

Yaya,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Ina fata kina lafiya. Ni ba ni da ita.

Wasiƙarki ta iso ran Asabar, kin ce Juma'a za ki taho. Na gane ta yi saɓani da tawa a hanya, amma na ce ko Juma'a ko Asabar, duk a jirgin Lahadi za su haɗu. Na je filin jirgi da mayafin ulu don kada sanyin Bogotá ya kama ki. Na tsaya har ma'aikatan jirgin suka fito. Jiya da safe aka yi ta kiran sunanki a sashen ido, daga baya aka shigar da wani tsoho daga Tolima. Sauran ranakun likitan kowanne da mai shi, ƙarshen mako zai koma.

Na dawo gida na ɗauko wasiƙarki mai shafi huɗu, na karanta tun daga farko, yadda ya kamata in yi tun ranar. Ga shi nan da hannunki: ran Asabar Kyaftin ba ya kwance igiya. Kin gaya mini. Ni na tsallake, sannan na zauna a nan na tsara miki tafiya da ranar kasuwar Cepitá. Kin riga kin ɗaure kaya za ki taho, takardata ta zo ta ce ki zauna. Na ce na auna komai, kika yarda da ni, ƙila kin ɗauka na samo miki wani jirgin. Wayyo Allah, Yaya, ni na rufe miki ido da hannuna.

Na kasa cin abinci. Ki ce wani abu. Ko zagi ne ki rubuto.

Nohora


Providencia, 27 ga Nuwamba

Auta,

Gaisuwa gare ki da gida duka. Wannan hannun Mis Orlina ne, ni ke faɗa tana rubutawa, don layi ya daina tsaya mini. Kumburin gwiwa ya faɗa. Ina cin abinci, ke ma ki tashi ki ci.

Ban rubuto ba ina jira ki huce. Ashe ba da ni kike fushi ba, kanki kike ci. To ki saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ni na rubuta miki babu jirgi ran Asabar, kuma idona ne ke ciwo, ba ƙwaƙwalwata ba. Ban ɗauka kin samo wani jirgi ba. Ke da ko kwalekwale ba ki taɓa hawa ba, a ina za ki samo shi?

Wasiƙarki ta iso ran Alhamis, jakata a ɗaure a bakin ƙofa. Mis Orlina ta karanta mini. Da ta kai wurin bokiti na yi dariya. Da ta kai wurin yatsu na ce ta dakata in sha ruwa. Ran nan iska ta juya, ta fara zuwa daga arewa, busasshiya, amma da yamma gajimaren bai motsa ba. Juma'a da asuba muka je bakin jirgi. Kyaftin ya karɓi jakata, ya miƙo hannu zai jawo ni. Na juya ta yamma don in yi wa wurin harara ta ƙarshe, sai na kama tauraro ɗaya can ƙasa, daf da ruwa, daidai inda gajimaren ke kwana. Na ce ya miƙo mini jakata.

Ya ce, "Mama, sai Talata fa. Gobe ko kuka kika yi ba zan iya ba."

Na ce, "Na sani."

Mis Orlina ta ce, "Haba Edelmira, idonki ne fa! Hau jirgin nan kafin in ɗauke ki in jefa."

Na ce, "Aikin yana iya yi, yana iya ƙi. Wannan kuwa yau ce."

Ta kira ni akuyar dutse a gaban jama'a. Ta ce in bari ta rubuta cewa har yau ba ta janye ba, na bari.

Ba zan ce wasiƙarki ba ta da hannu a ciki ba, ƙarya ce. Kin ce in kalla miki. Amma ƙafata ce ta ƙi hawa jirgin, ba taki ba, kuma ba zan raba wannan da kowa ba. Ki cire shi daga kanki.

Da yamma suka fito da fararen kayansu. Aka zaunar da ni a kan kwalekwalen. Mis Orlina ta kama kaina da hannu biyu ta juya shi, ta ce, "Nan." Rana ta sauko. Ta kai wurin da take ɓacewa kullum, ta wuce shi. Ja ce kamar garwashi, na kalle ta ido da ido ba ta ƙone ni ba. Ina jin mutane suna cewa sama duk ta rine, ruwa ya yi jar hanya har gaban ƙafarmu, ga tsuntsaye na wucewa. Ban ga ko ɗaya ba. Ramin da ya rage mini a ido kusan daidai girmanta ne, Auta. Ita kaɗai ta shiga, da ɗan zaren ruwa a ƙarƙashinta. Na ga ƙasanta ya taɓa ruwan ya baje, ta zama rabi, ta zama kamar bakin farce, sannan babu. Ba ta daɗe ba ko kaɗan. Suka fara waƙarsu. Ni ina zaune, hawaye na zuba ta ido biyun, har mataccen. Na yi murna, Nohora. Tun da uwarmu ta haife ni ban yi irinta ba.

Washegari aka ce gajimaren ya dawo. Ban je ba.

Zan hau jirgin Juma'ar nan, Lahadi ina Bogotá. Idon yana nan, kullum da ɗan ragi. In akwai abin da likitocinku za su iya, su yi, in babu kada ki sake bin kowa kamar jela saboda ni. In kin zo filin jirgi kada ki tsaya a gefe kina ɗaga hannu yadda kika saba, zan wuce ki. Ki zo gabana sosai, ki kira sunana, ki tsaya cik. Fuskarki ba za ta shiga gaba ɗaya ba, sai na bi ta a hankali daga goshi zuwa haɓa, kuma ba na so in tarar da ita a rame.

Yayarki,
Edelmira